Madalla da Taron da Ba Sai An Zo Ba

Ya kamata wani daga cikinmu, mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya miƙe tsaye ya yi godiya, don kada a ce ba mu san alheri ba. An yi mana abin da ba a taɓa yi wa kakanninmu ba. An ƙirƙiro mana taron da ba sai mun je ba, ba kuma sai an zo mana ba. Manyan masana da shugabannin ƙungiyoyi za su zauna a Abuja da Landan da Jeniba su tattauna yadda ake kashe mu da yadda 'ya'yanmu ke ramewa, kuma saboda tsabar adalcinsu ba sa yarda a yi zaman babu muryarmu. Sai su aiko wa ɗaya daga cikinmu saƙon imel, ko malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko wani matashi mai aikin sa-kai, su ce ya ɗauki kansa a bidiyo na minti goma ya turo, ranar taro za a kunna. Allah ya saka wa wanda ya fara wannan tunani.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2020 korona ta rufe filayen jiragen sama da zaurukan taro, masu taro suka koma intanet ɗungurungum. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga tarukansa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Ba a jima ba masu shirya taro suka lura da wani abin takaici: in aka bar mutumin da ke wuri irin namu ya yi magana kai tsaye, sabis na iya ɗaukewa, hotonsa ya daskare baki buɗe, manyan baƙi su zauna suna jiransa. Wannan rashin ladabi ne. Sai aka ce kowa ya naɗi jawabinsa tun da wuri ya aiko. Korona ta tafi, jirage suka ci gaba da tashi, manya suka koma haɗuwa a otal suna shan shayi tare, mu kuma aka bar mana bidiyon tunda an ga ya karɓe mu. Ba kuɗin mota, ba kuɗin ɗaki, ba alawus, ba wahalar neman biza. A rahoton ƙarshe kuma a rubuta cewa an ji ta bakin waɗanda abin ya shafa.

Takardar ƙa'idojin da ake haɗowa da gayyata ita ce ta fi nuna irin sanin da aka yi mana. Takan fara da cewa a nemi wuri shiru. Ranku ya daɗe, ai kun zo gidan shiru. Tsakanin Shinkafi da Zurmi akwai ƙauyukan da ko carar zakara ba za ka ji ba, domin masu zakarun sun kwashe 'ya'yansu sun gudo cikin gari, wasu sun tsallaka har jihar Maraɗi. Gonakin da ke kusa da dajin Sububu da na Dumburum tsit suke ko da tsakiyar damina, ba mai yi wa shanun huɗa tsawa, ba yarinya mai kawo fura. Illar kawai ita ce wanda ya je ɗaukar bidiyo a can ba lalle ya dawo ba. Cikin gari kuwa, inda ake fatan kwana da rai, shiru ya yi ƙaura. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yau iyali uku ne a ciki, ga ƙanen maigida da matansa, ga gwaggo da jikokinta, kowa ya baro rumbunsa a ƙauye. Don haka mai jawabinmu sai ya jira dare ya raba, yara sun yi barci, maƙwabci ya kashe janareta. A nan sai ya ci karo da ƙa'ida ta biyu, wadda ta ce a tabbatar da haske sosai a fuska. Wutar nefa ta san mutuncinmu, ba ta yawan damun mu da ziyara. In ya tayar da nasa janaretan ya sami haske ya rasa shiru, ga kuma fetur, wanda litarsa ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, amma ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. In ya haƙura sai hantsi, ya sami haske kyauta, tare da awaki da masu tallar koko da babura. Haka zai yi ta maimaitawa, yana gogewa yana sakewa, har ya sami ɗauka ɗaya wadda garinsa bai yi tari a cikinta ba.

Amma ƙa'idar da ta fi kowacce hikima ita ce ta bango. A tabbatar babu komai a bayan mai magana, fari tas in da hali. Wanda ba shi da farin bango ma an yi masa gata, domin manhajar tana da dabarar da ke dushe duk abin da ke bayanka, ko ta liƙa maka hoton kantar littattafai, ko ofis mai labule da tukunyar fure. Ku dubi wannan baiwa! Ma'aikaciyar jinya za ta zauna a kusa da ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, ta danna wuri ɗaya, sai ɗakin ya ɓace, iyaye mata da ke zaune a tabarma su ɓace, ta bayyana kamar tana wani ofis a Maitama. Malamin firamare zai tsaya a ajin da 'yan gudun hijira suka mayar ɗakin kwana, sai ƙunshin kaya da tukwane su narke su zama hazo. Na san akwai dalili mai ƙarfi na kada a nuna fuskar majinyaci ba da izininsa ba, kuma ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai ba don mutuncin majinyaci aka rubuta ƙa'idar ba. Takardar da kanta takan faɗi dalili: don kada hankalin masu kallo ya rabu. Gaskiya ne kuwa. Wanda ya zo jin bayani a kan yunwa bai kamata yunwa ta ɗauke masa hankali ba.

In an gama ɗauka sai a zo kan turawa, a nan ne ake gane masu haƙuri. Bidiyon minti goma da aka ɗauka da waya bisa ingancin da ake nema yakan haura gigabait ɗaya. Kuma duk mai amfani da waya ya san saukewa daban, turawa daban. Turawa ce ke tafiyar hawainiya. A inda sabis ba ya wuce megabit ɗaya a daƙiƙa wajen turawa, gigabait ɗaya sai ya ci fiye da awa biyu, in bai yanke ba ke nan. In ya yanke a kashi 90, sau da yawa sai a koma farko, data kuma ta tafi ke nan. Datar nan kuwa, a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara mata kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ƙarfen sabis da muke hange a bakin gari ba da iska yake aiki ba, da man dizal ne, dizal kuma mota ke kawo shi, motar kuma hanyarmu take bi. Ran da hanya ta ƙi, sabis ma ya ƙi. A Afrilun 2024 da 'yan bindiga suka shiga garin Zurmi har suka kai ga fadar sarki, cikin abin da suka lalata har da ƙarfen sabis. Su sun san amfaninsa sarai.

To, me mai jawabi zai yi, ga wa'adi na matsowa, ga saƙon tuni cikin ladabi ana ta aiko masa? Sai ya sa bidiyon a waya, ya yi sallama da iyalinsa irin sallamar da muka koya a 'yan shekarun nan, ta a yafe mini in ba mu sake ganawa ba, ya shiga mota daga Shinkafi zuwa Ƙaura, in ta kama ya wuce Gusau, don ya sami inda zai tura. Wato taron da aka shirya don kada kowa ya yi tafiya ya sa mutum ɗaya tafiya, a kan hanyar da masu taron ba za su yarda su bi ba ko da rakiyar sojoji. Da kuɗinsa ya je, da kuɗinsa ya dawo. In taron masana ne ma har kuɗin rajista zai biya, wani lokaci da dala, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wannan shi ne rabon adalci: su sun ba da dama, shi ya ba da sauran.

Kada godiya ta tsaya a kan baƙi, gwamnatinmu ma tana da nata kason, kuma babba. Ranar 3 ga Satumban 2021, kwana biyu bayan an sace ɗalibai fiye da 70 a wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Maradun, NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne. An dawo wa Gusau da nata a farkon Oktoba, mu na ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku aka hutar da mu daga ƙarar waya. Aka haɗa mana da rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da fatake ke zuwa daga nesa, aka taƙaita sayar da fetur, aka hana safarar dabbobi. Masu POS suka naɗe tabarma. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su ce wa ɗan'uwa muna nan da rai, har sai da Katsina ta kashe nata sabis ɗin a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwar. Sakkwato ma ta biyo baya. Wanda aka kai wa hari a ƙauye ba shi da hanyar kiran kowa, mai naƙuda ba ta da hanyar kiran mota. A waɗannan watanni ba a daina taro a kan tsaron Arewa maso Yamma ba. An yi su lafiya, cikin natsuwa, ba wanda ya katse wa wani magana daga Zurmi.

Sai dai kada a ce ba a ɗaukar bidiyo mai nasara a ƙasarmu. Ana ɗauka. Bello Turji, wanda Hedikwatar Tsaro ta sa cikin waɗanda take nema ruwa a jallo tun 2022, mutumin da ya mayar da mata zawarawa ya mayar da yara marayu daga Shinkafi har Isa da Sabon Birni, shi ne ya fi kowa sa'ar masu sauraro a wannan yanki. Ba wanda ya aika masa takardar ƙa'idoji. Ba farin bango, ba minti goma, ba Turanci. Yana zaune a gindin itace da bindiga zai yi maganarsa da Hausa, kafin magariba ta zaga Facebook da WhatsApp da TikTok, washegari jaridu su fassara. A ƙarshen Agustan 2024 motocin yaƙin sojoji suka maƙale a taɓo a Kwashabawa cikin ƙasar Zurmi, bidiyon yaransa suna murna a kansu ya karaɗe ƙasa. Hedikwatar Tsaro ta fito ta yi bayani. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya umarci Ƙaramin Ministan Tsaro, wato Matawallen dai, da Babban Hafsan Tsaro Janar Christopher Musa su tare a Sakkwato. Ga bidiyon da aka kalla har ƙarshe, aka kuma ba shi amsa. Ina rubuta wannan zuciyata tana ƙuna, domin yaran garinmu suna gani, kuma suna fahimtar wane irin mutum ne ake saurara in ya yi magana.

Su kuwa waɗanda suka yi gangancin ɗauko kyamara suka zo da ƙafafunsu, an nuna musu kuskurensu. A 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna wani shiri da ya shiga har cikin daji, BBC ma ta fitar da nata wanda Yusuf Anka, ɗan jihar nan, ya jagoranta. Ana iya jayayya a kan dacewar miƙa wa ɗan bindiga abin magana, kuma mutanen kirki sun yi wannan jayayya. Amma a shirye-shiryen an ga gawawwaki, an ga iyaye suna kuka, an ga ƙauyuka yadda suke ba tare da an dushe bango ba. A Agustan shekarar Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, ta ci tarar wasu kamfanonin da suka haska na BBC. Darasi ya fito fili: bidiyon da ya dace da Zamfara shi ne mai tsabta, na minti goma, wanda za a kunna wa mutum ƙalilan a taron da aka rufe da lambar sirri.

Minti goman nan ma karamci ne, kada mu raina. Minti ɗaya na godiya ga masu shirya taro, domin mu masu tarbiyya ne. Minti biyu na bayanin inda Zamfara take a taswira. Abin da ya saura ya ishi mutum ya ce a Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da rashin abinci mai gina jiki. Ya ishe shi ya ce wannan a ƙasar gero da dawa da wake da shinkafa ne, a jihar da take kiran noma abin alfaharinta, kuma ba fari ne ya jawo ba, manomi ne ba ya shiga gonarsa sai ya biya haraji ga mai bindiga, ya biya kafin shuka, ya sake biya kafin girbi. In ya yi sauri zai iya ambaton Banga a ƙaramar hukumar Ƙaura, inda aka kwashe mutum fiye da 50 a 2025, dangi suka haɗa kuɗin fansa suka kai, aka karɓa, sannan aka kashe aƙalla 35 daga cikinsu. Jimla ɗaya ta ishi Banga. In muryarsa ta karye a wurin, ba komai, wannan ita ce falalar naɗaɗɗen jawabi: sai ya tsaya, ya sha ruwa, ya goge, ya sake ɗauka. Abin da zai isa gaban manya murya ce daidaitacciya, kukan an bar shi a gida inda ya dace.

Ranar taro kuma sai a ga cikar ni'ima. Shugaban zama zai ce yanzu za mu ji daga fili, a danna. Yawancin mahalarta sun kashe kyamarorinsu, don haka ba wanda zai san wa ke kallo, wa ya tashi haɗa shayi, wa ke amsa wasu saƙonni. A gefe za a rubuta cewa an gode da wannan jawabi mai ratsa zuciya, a jera hotunan tafi. Mai jawabin kansa mai yiwuwa yana bakin wani shago yana ɗaga waya sama, yana shiga yana fita, ko kuma ba ya nan sam, an kunna shi yana layin awo. Sai a ce abin takaici abokin aikinmu bai samu shigowa ba saboda matsalar sabis, mu wuce ga mai magana na gaba. Wannan ƙasa ce da ta san darajar magana. A Tubali ta ƙasar Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Zurmi kuma ta ba da Kassu, mawaƙin mazajen farauta da 'yan tauri. Ba ɗayansu da ya taɓa tsayawa shi kaɗai. In ya jefa magana 'yan amshi su karɓa, wanda ake wa waƙar kuma yana zaune ana kallon fuskarsa, dole ya motsa. Yau an sauƙaƙa mana, an ba mu waƙa ba amshi, kuma wanda ake nufi da ita ba sai ya nuna fuska ba.

Malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, su ma sun shaida wannan sauƙi ta wata fuskar. Ƙarin girma a aikin koyarwa yana bukatar shaidar cewa malami ya gabatar da takarda a taro. A da sai ya je, ya tsaya gaban waɗanda suka fi shi sani, wani dattijon farfesa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ka samo wannan adadi?" Ya ji kunya ko ya kare kansa, ko ta yaya dai ya dawo ya ƙaru, ya kuma dawo da lambar wayar mutum biyu da za su amfane shi har ƙarshen aikinsa. Yanzu an raba shi da wannan wulaƙanci. Akwai tarukan da ba su da wani aiki sai karɓar kuɗi da bidiyo, su aiko da takardar shaida mai zanen zinariya ta imel, ko an kalla ko ba a kalla ba. Malami ya kai shagon kwamfuta a buga masa, ya sa a fayil. Ba laifinsa ba ne, ƙa'ida aka gindaya masa, hanya kuma ba ta biyuwa. Amma binciken da ya yi a kan ƙasar noma ko ruwan sha na wannan yanki, wanda mai yiwuwa babu wanda ya san shi kamarsa, ya shiga duniya ya fita ba wanda ya ce masa kanzil.

Ƙaura ta saba da a ɗebi abinta a tafi da shi. A 1929 layin dogo ya iso nan daga Zariya, nan ne kuma ya tsaya, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Ba na cikin masu kewar Turawan mulki, sun saya da arha sun sayar da tsada. Amma ko su sai da suka shimfiɗa ƙarfe har ƙofar gidanmu, wakilin kamfani kuma sai ya zo da kansa ya tsaya gaban sikeli a cikin rana, manomi ya kalle shi ido da ido ya ce wannan farashi bai yi ba. Masu ɗibar labarinmu na yau sun fi su wayewa nesa ba kusa ba. Ba su shimfiɗa komai ba. Mu ne ke noma labarin da jininmu, mu sussuke shi, mu auna shi daidai minti goma, mu biya kuɗin dakonsa, ya isa gare su a tsabtace. Daga nan ya shiga rahoto, rahoto ya jawo tallafi, tallafi ya ɗauki nauyin taro na gaba. Rahoton da Turanci yake, kuma ba a taɓa wahalar da mai unguwar da aka ambaci garinsa a ciki da karanta shi ba.

Ba na faɗa da na'ura. Malamar asibitin da ba za a taɓa ba ta biza ba, wadda ba za ta iya barin majinyatanta mako guda ba, waya ce kaɗai ƙofarta zuwa duniya, kuma ina so a buɗe mata ita warai. Da ana son jin ta da gaske, da an aiko mata kuɗin data da na mota kafin a nemi bidiyo. Da an bar ta ta yi magana da Hausa an nemo tafinta, kamar yadda ake nemo wa mai Faransanci. Da an kira ta ta layin waya na yau da kullum, wanda ke shiga inda bidiyo ba ya shiga, an sa muryarta a zauren lokacin tambaya da amsa. Duk wannan bai kai kuɗin abincin rana ɗaya na taron otal ba. Masu shirya taro ba su jahilci haka ba, mutane ne masu ilimi. Sun dai yi mana tunani ne, sun ga tambaya da amsa zai gajiyar da mu.

Kuma sun yi daidai, domin da an bar layin a buɗe, ba su kaɗai za su yi tambaya ba. Ita ma za ta yi, kuma mutanenmu in tura ta kai bango ba su iya sakaya zance ba. Za ta ce, yallaɓai shugaban zama, shawarwarin da aka karanta a taron bara, wanne aka aiwatar a Zurmi? Za ta tambayi wakilin gwamnati yadda aka yi dubban shanu da aka sace suke fita daga daji su shiga mota su isa kasuwa ba wanda ya gan su, da kuma wanda ke kai wa daji fetur da harsashi. Za ta tambayi mai kakin da ke zaune a babban tebur abin da aka yi wa iyalan 'yan sa-kai da fararen hula da jirgin yaƙi ya kashe a Tungar Kara a Janairun 2025. Za ta juya ga Hajiya mai wakiltar masu ba da tallafi ta ce, ranki ya daɗe, abincin nan na leda da muke ba yara masu tamowa, in ya ƙare tsakiyar damina, wa zan kira, kuma zai ɗauka?